Mai Rubutun Mota

Shekara talatin da ɗaya ina Asawase,
rumfata bayan famfo, daura da kaskon ƙosan Fulera.
Gwangwanin fenti shida, buroshin jelar akuya,
da hannun da bai taɓa rawa ba sai bana.

Direbobi ke kawo min bakinsu in ɗora wa ƙarfe.
Kwabena ya ce a sa masa sunan Yesu da ja.
Na sa, na wanke buroshi da kananzir,
Mumuni ya turo tasa: "Allah gatan kowa."
Buroshin nan dai, bai tambayi alƙibla ba.
Da yamma motocin biyu na Kejetia, goshi da ƙeya,
suna zage-zage kan fasinja guda.

Ranar da na zana allon mai aski,
kawuna bakwai, kowanne da gyaran fuskarsa,
Malam Sumaila ya tsaya, carbi na lilo a hannunsa:
"Labaran, gobe ƙiyama za a ce ka busa musu rai."
Ban runtsa ba. Ana sallame asuba
na je na shafe idanun duka da shuɗi.
Wata uku suna fuskantar titi a makance,
yara na canza hanya,
har mai askin ya ce ko ido ko kuɗinsa.
Kuɗin tuni sun zama doya.
Na mayar da idanun.
Har yau in na tayar da kabbara
sai in ji su bakwai ɗin sun yi sahu a bayana.

Yanzu inji ke yi.
Iddirisu, da na koya wa riƙon buroshi,
yana da shagon gilashi a Adum.
Ya danna, takarda ta fito da sheƙi, ba ɗigo, ba karkata.
Yana durƙusa min, yana aiko da goro.
Ban riƙe shi a zuci ba,
sai dai harafinsa ba ya gumi.

Shekaranjiya na ratsa Suame,
inda ake feɗe motoci kamar shanun layya.
Cikin tulin ƙarfe ga wata ƙofar baya,
tsatsa ta ci gefenta, ta bar min tsakiya:
"Sannu ba ta hana zuwa."
Nawa ne. Na gane wutsiyar da nake ja wa harafin ƙarshe.
Gaban motar ya lotsa har kujerar direba.
"Hanyar Techiman, Baba, da daddare," in ji yaran.
Ban tambayi mutum nawa ba.

Ina tsaye wata Batoniya ta taya ƙofar,
za ta rufe akurkin kajinta.
To. Kaji ma su karanta.

Yau da hantsi Fulera ta kashe wutarta da wuri,
ta miƙo min falankin ƙarfe, faɗin tafi biyu,
na kan kabarin mijinta a Tafo.
Suna kawai, ta ce, da ranar.
Na tallafe dama da hagu don ta daina rawa,
na ja "Tanko" a hankali, baƙi kan fari.
Fenti ya ɗiga ƙarƙashin harafin farko, ya gangara.
Na kai tsumma zan goge,
ta riƙe min hannu.
"Bar shi haka."

Ba ta biya ba, ban tambaya ba.
Ta ajiye min koko a kofin silba.
Hadari ya taso ta Aboabo,
na jawo falankin cikin rumfa kafin ya bushe.