Kwalaben Farfesa Nomau

Ni aka ba mabuɗin ofishinka,
kwana tara bayan an kai ka Tawa.
Na haye gada da sassafe,
kogi ya ja baya, masu lambu na ban ruwa.
Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da na sa kafaɗa,
yadda kake yi.

Ga su jere bisa kanta:
kwalabe sittin da uku na ruwan rijiya,
kowace da sunan ƙauyenta
cikin rubutunka mai kama da sawun kaza.
Wata ta yi ja a gindi.
Wata garau take,
ita ce ka ce mu fi tsoro.

"Ruwa ba ya tsami banza,"
da shi kake buɗe darasin farko kowace shekara.
Mu yi dariya, mu da muka zo Yamai jin manyan kalmomi.
Sai ka ɗaga babban yatsanka na hagu,
wanda asid ya cinye wa farce
tun kana ɗalibi a ƙasar sanyi,
ka ce: "Ga digirina na gaskiya.
Sauran duk takarda ce."

Malamarka ta fari, in ji ka, Inna Tasalla ce,
mai dafa sabulu a bayan kasuwa.
Ba ta san sunan sinadari ko ɗaya ba,
da tsinin harshe take auna ƙarfin ruwan toka,
kuma ba ta taɓa ɓata tukunya ba.

Kai ka ɓata da yawa.

Matatar ruwanka ta farko,
ta yumɓu da gawayin ƙashi,
da muka koma ƙauyen bayan damina
mun tarar kaza ta yi ƙwai a ciki.
Ka zauna ƙasa kana dariya har da hawaye,
sannan ka cire hula ka tambayi matan dalili.
Suka ce: "Malam, kafin ta cika tulu an kira la'asar."
Shekara huɗu ka yi
kana faɗaɗa ƙofofin da ido ba ya gani.

In an ɗauke wuta ba ka sallamarmu.
In alli ya ƙare
sai ka zana bututu da famfo
a bayan takardar kuɗin lantarki.
Akwai injiniyoyi yau a Malbaza
da suka koyi matsin ruwa daga bashin gidanka.

Ba zan ce kana da sauƙi ba.
Sau biyar ka maido mini kundina
saboda ɗigo ɗaya da ya zauna ba wurinsa ba.
Na yi wata ban gaishe ka ba.
Ka aiko mini da albasa rabin buhu
da ƴar takarda:
"Ɗigon nan shi ne tsakanin magani da guba. Ki gyara."

Farar rigarka na nan rataye,
aljihunta da guntun goro ya bushe.
Ban taɓa ta ba.

Can ƙurya na ga kwalba ta sittin da huɗu,
wankakkiya, babu komai ciki.
Ka riga ka rubuta mata sunan ƙauye.
Ban san ma inda yake ba.

Na sa ta cikin jaka.
Motar Tawa na tashi da asuba,
in na sauka tasha zan tambaya.