Sifilin Nan a Kan Wa Yake?

Laraba ce, a Kumo, bayan an dawo tara,
ruwan daren jiya bai bushe a bakin aji ba.
Na rubuta da guntun alli:
biyar, sai x, sai ɗan sifili a bisa kafaɗarsa.
Na ce, "Amsa ɗaya ce. Ku kwafa."
Kai arba'in da shida suka sunkuya.
Na arba'in da bakwai bai sunkuya ba.

Barira ce, 'yar Hamma Gidado mai awon wake,
wadda ba a jin muryarta sai wurin kiran suna.
Ta ɗaga hannu rabi, kamar mai taɓa murfin tukunya a wuta:
"Malam, sifilin nan a kan wa yake?"

Na ce, "A kansu."
Ta ce, "Su wa?
Ni x kaɗai na ga ya ɗauka.
Biyar tana gefe, ba ta san an yi ba."

Aji ya yi tsit.
Na duba littafi, na duba allo.
A littafi akwai baka biyu,
sun kama biyar da x kamar igiya a bakin buhu.
A allo babu.
Ni na zubar da su a hanya,
tsakanin shafi da alli.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki.
Na haɗiye yawu, ya ƙi wucewa.
Na ce, "Ku goge. Ita ce da gaskiya."

Sai na soma daga tushe.
Sifilin sama hula ce ƙarama.
Duk kan da ta hau, ko dubu ne ko ɗari,
muddin shi ma ba sifili ba ne,
ɗaya zai koma.
Amma hula guda ba ta rufe kai biyu.
In kana so ta ci kowa, tara su wuri guda,
ka ja baka ta hagu, ka ja ta dama.
Biyar da x a ciki: ɗaya.
Biyar a waje: biyar sau ɗaya,
ta tashi da kayanta cif.

Na ƙara musu da uku mai alamar ragi.
A cikin baka, hula ta haɗiye su duka,
ɗaya ya fito fes, babu tabo.
Babu baka, ragin ya rakuɓe a bakin ƙofa,
uku ta shiga, ta fito ɗaya,
ya bi ta a baya, ya riƙe mata riga.

Wani daga benci na baya ya ce, "Kamar mai bin bashi."
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Don na tuna Hamma Gidado.
Tiya biyu na ɗauka a watan da albashi ya makara,
na sake ɗaukar uku gab da azumi.
Ranar salla ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam, na yafe."
Na yi godiya, na tafi,
ban tambayi inda yafiyar ta tsaya ba.

Da la'asar na jingine keke a rumfarsa.
Muka gaisa, muka yi zancen damina,
har na rasa abin cewa, na ce,
"Hamma, maganar nan ta ranar salla,
duka ta rufe, ko kuwa?"

Ya cika mudu, ya shafe kansa da tafin hannu,
bai ɗago ba.
"Na azumi na yafe, Malam.
Tiya biyun can suna nan a littafi."

Barira tana bayansa tana tsince wake,
tana ware tsakuwa gefe guda.
Ba ta dube ni ba.
Na laluba aljihu,
alli na fara taɓawa.