Nonon Da Ya Ƙi Barci

Goggo Hurera ta kira ni da asuba
daga rugarsu ta bayan Kalgo,
murya na zuwa tana yankewa:
"Kai da ka yi karatun ƙwayoyi,
hwaɗa min, mi ya samu ƙwaryata?
Kwana ukku nono ya ƙi barci."

Na san ƙwaryar. Ta girme ni.
Tsagar bakinta an ɗinke ta tun ina rarrafe.
Kowace yamma Goggo kan rage ludayi guda na jiya,
ta zuba a madarar yau,
ta kifa faifai, ta yi bisimilla, ta kwanta.
Kafin zakara ya yi na biyu kindirmo ya kama.

Ita ba ta taɓa ganin masu aikin ba.
Ni na gan su, ta madubin ɗakin gwaji a Birnin Kebbi,
'yan siraran sanduna kamar karyayyen tsinken tsintsiya,
ma'aikatan dare da ba sa jiran ladan kowa.
Danginsu na cikin hanjina,
suna tumbin Gudale,
suna cikin jikanta Nafi'u:
gari guda, da masu gadi, da masu girki,
babu wanda ya taɓa ƙidaya su.

Na ce, "Goggo, wa ya yi wa saniya allura?"
Shiru. Maraƙi na kuka can baya.
"Jabbi na. Ran kasuwar Jega ya sawo kwalba
mai ruwan zuma, ga mai tebur, kusa da 'yan igiya.
Hantsar Gudale ta kumbura.
Ya soka mata, ya ga saura,
ya bi garke duka, kada kuɗi su tai banza."

Kuma da safe aka tatsa.

Magani bai san ɗan gida da ɓarawo ba.
Gobara ce, ba ta tambayar rumbun wane ne.
Ya bi jini, ya gangara hantsa, ya faɗa ƙwarya,
ya tarar da masu kwantar da nono a bakin aiki.

Abin da ban gaya mata ba:
a teburina akwai faranti,
sunan Nafi'u a gefensa da jan alƙalami.
Zawo, mako biyu.
Ja-da-yalo daga tiren mai talla,
biyu yau, ɗaya jibi,
aka daina ranar da yaro ya yi dariya.

Na jera magani shida a farantin.
A da kowanne kan share wa kansa fili
fes, kamar masussuka.
Yau biyar daga ciki, cuta ta tsiro har gindinsu,
kamar jan-baki a fadamar shinkafa
da suka gane mutum-mutumi tsumma ne,
har suna hutawa a kafaɗarsa.
Wanda rabin duka bai kashe ba ya koyi kaucewa,
ya koya wa 'ya'yansa,
ya leƙa katanga ya koya wa maƙwabta.

Saura ɗaya.
Kuɗinsa ya kai na tunkiya.

Na ce, "Goggo, zubar da nonon
sai kwanakin da ke jikin kwalba sun cika."
"In zubar da nono? Ƙasa?"
Na ji yadda ta dafe ƙirji.
"Sannan ki aiki yaro gidan Inno Tumba,
a ranto miki ludayi guda na iri."

Ta yi tsaki.
"Shekara arba'in ni ka ba mutane iri."

Waya ta mutu. Kati ne ko fushi, ban sani ba.
Na jawo farantin kusa da taga,
na ɗora rula a kan da'irar da ta rage.
Na auna sau biyu.
Faɗinta bai kai bakin ludayi ba.