Tsintar Tsakuwa

Ranar Talata aka kwashe kuɗin Inna Barira.
Kira ɗaya ne, murya mai ladabi, wai daga banki.
Ta karanto musu lambobi shida kamar mai biya allo,
kafin la'asar jarin atamfarta na Kwari ya bi iska.
Ba ta yi kuka ba. Ta ce in miƙo mata ruwa.

Ni da nake gyaran waya a Fam Santa,
ina farke cikinta da ɗan sukundireba kamar mahauci,
na san ciwon batir, na san ciwon gilashi,
amma ɓarawon da ba ya haura katanga,
ba ya taka ƙasa balle a bi sawunsa,
ban san ƙofar da ake tare shi ba,
a garin da aka san shi da ganuwa.

Na sayi data ta dubu biyar, na faɗa intanet.
Ashe kowa malami ne a can.
Wannan ya ce kwana bakwai ka zama gwani,
wancan yana zuba Turanci kamar ana korarsa,
wani ya rufe fuska da hula, ya ce turo dubu goma,
zan sa ka a rukunin manya.
Har na buɗe manhajar banki, yatsana ya tsaya:
garin neman maganin sata
na kusa kai wuyana ga wuƙa a karo na biyu.
Wata uku ina ɗiba, ban ƙoshi ba,
cikina cike da tsakuwa.

Sai ga wata mata ta kawo waya, gilashi ya tsage.
Lawisa sunanta, ita ke gadin kwamfutocin wani asibiti.
Ta leƙa abin da nake kallo, ta yi dariya har da tafi.
Ta ce, ka taɓa ganin an zuba shinkafa 'yar gida a tukunya
ba a baza ta a faifai ba?
Ta juya bayan rasit, ta ari birona,
layi tara ta rubuta, ba ƙari,
tana tsaye cikin hayaniyar kasuwa.

Fara da yadda saƙo ke tafiya daga na'ura zuwa na'ura,
kafin ka san ɓarawo, san hanya.
Littafin nan kyauta ne, karanta babi huɗu, bar sauran.
Nemi tsohuwar kwamfuta ka gina ɗakin gwaji,
can za ka fasa, can za ka gyara,
ƙofar wani kuwa, sai da izini a rubuce.
Rahoton masu bin sawun 'yan kutse, duba wa ya rubuta,
duba kwanan wata,
labarin bara ba ya kama ɓarawon bana.
Na tara ta ja masa layi biyu a ƙasa:
abin da ka gane, koya wa kowa.

Yanzu ina layi na huɗu.
Dare a Gwammaja, an ɗauke wuta, sauro na waƙa,
fankar tsohuwar kwamfuta na nishi a kan tabarma.
Rasit ɗin ya yi laushi saboda ninki,
na soke abu ɗaya da ya tsufa, na ƙara biyu da hannuna.
Mudan, yaron shagona, ya ce in kwafa masa.

Kuɗin Inna ba su dawo ba.
Amma jiya wayarta ta yi ƙara muna cin tuwo,
muryar nan dai, mai ladabi.
Ta saurara har ya gama, ta lashe yatsa,
ta ce, ɗan nan, in bankin ne ai na san hanya,
gobe zan zo da ƙafata.
Ta kife wayar a kan tabarma,
ta ce in ƙaro mata miyar kuɓewa.