Jandarma Kwance

Shekara talatin da ƴan kai ina jera bulo a Tawa.
Na ta da katangar lakwal, na rufe shaguna a kasuwa,
benayen masu dawowa daga Abijan da yawa hannuna ne,
ba wanda ya taɓa tambayar wa ya yi.
Sai wannan,
abin da tsayinsa bai kai taƙi ɗaya ba,
shi ya fitar da sunana.
"Barmu magini, Allah ya isa!"
Haka ƴan kabu-kabu ke gaishe ni da safe.

Tun ranar da aka shimfiɗa kwalta a layinmu
hanya ta daina zama tsakar gida.
Da farko kaji ta ci, muka yi dariya.
Ta ci tunkiyar Hasiya da cikinta,
muka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Sannan Illa, ɗan shekara shida,
an aike shi sayen sukari na dala biyar.
Ni na tsinci takalminsa guda a bakin kwata,
sukarin kuma tururuwa suka kwashe.

Ya rayu. Da ƙarfe a cinya, amma ya rayu.

Mun kai takarda ma'aikatar magajin gari,
aka ce mu dawo Litinin.
Litinin ta yi ta haihuwar Litinin.
Sai muka ajiye ƙwarya a ƙofar masallaci:
wani dala ashirin, wani jaka guda,
Tsahiru mai wanki ya ba da ruwa,
mai amalanke ya kawo tsakuwa bai karɓi ko tamma ba.
Buhu uku na siminti.
Bayan isha'i, da fitilar salula, na durƙusa.

Ina shafe bayansa da cokalin gini
sai hannuna ya tsaya.
Na san wannan siffa.
Na sha tula irinta a bayan gari, da ƙasa da ƙaya.
Na ce, to, gara a nan.
Gara wannan, da ba kowa a ƙarƙashinsa.

Gaskiya ɗaya dai: na cika masa tudu.
Kwana biyu yana yagar cikin motoci,
tasi ɗaya ta bar salansarta a ƙofar gidana.
Na fito da guduma na rage masa girman kai.
Jami'i ya zo da littafi, ya ce wa ya ba da izini,
Hasiya ta nuna masa Illa.
Ya rufe littafin, ya ce a shafa farin fenti.

Yanzu daga kan tabarma nake karanta dare.
Gwaf, gwaf: ɗan unguwa ne, ya san wurin.
Ƙiiii, sai ashar: baƙo.
Laure ta matso da kaskon ƙosanta daf da shi,
wai duk wanda ya taka birki ya ji ƙamshi.

Daren da naƙuda ta kama matar ɗana
ina gaban mota, tana baya tana kiran uwarta.
Direba ya lallaɓa, taya ɗaya, taya biyu,
ta yi wata ƙara da har yau ke kunnena.
A zuci na ce, Barmu magini, Allah ya isa.
Ban gaya wa kowa ba.

Damina biyu ta ci gefensa,
baburan sun koyi ratsewa ta wajen kwata.
Akwai rabin buhu a zaure, ya fara daskarewa.
Jiya Illa ya tsaya kaina, yana jan ƙafar nan tasa,
ya ce, "Baba, in za ka gyara,
ni zan riƙe fitila."