Aci-bal-bal Goma Sha Uku

Ni Yalwa, mai ginin tukwane a bayan Ƙofar Marusa,
ban san watanninsu ba, ban san lissafinsu ba.
Na dai san in gero ya shiga rumbu,
aka fara roron gyaɗa, wata ya rame kamar yankan farce,
za ta zo.

Matar malamin lissafi ce, Ba'indiya.
Hansa sunanta, muka mai da ita Hansai,
ba ta yi gardama ba.
Ta tsuguna gaban kayana, ta ɗaga yatsu goma, ta ƙara uku.
Aci-bal-bal take so, ƙanana, masu bakin tattabara.
Na ce ga ta sha huɗu, gyara.
Ta yi dariya, ta mayar min da abata.

Na kai mata da la'asar sakaliya, a kan faifai.
An share gidan har bayan randa.
A ƙofar ɗaki an zana 'yan sawaye da garin shinkafa,
ƙanana, kamar na mai tatata,
duk sun nufi ciki, babu mai fita.
Na ce sawun wa?
Ta ce na arziki. Mace ce a wurinsu,
ba ta shiga gida mai duhu, ba ta shiga mai dauɗa.
Na ɗage ƙafa na tsallake,
kar in goge wa mutane baƙuwa.

Ranar sai an sayi ƙarfe.
Masu hali zinariya, ta ce. Su kuwa albashin malami:
cokali ɗaya daga maƙera, sabo fil,
aka ɗiga masa ja a goshi kamar ɗan gida.

Shekarar da nake faɗa, 'yarsu Minal na kwance,
kwana shida zazzaɓi ya hana ta ko kunu.
Malam Tirbedi ya murza lagwani da audugarmu,
ya tsiyaya man gyaɗa, hannunsa na rawa,
mutumin da ke raba dubbai a ka.
Suka zauna gaban hotuna biyu.
Ɗaya namiji ne rungume da tulu, wai shi ne mai magani.
'Yar ƙararrawa, turaren tsinke,
fure rawaya, alewar madara a tasa.

Ban shiga ba. Ba su ce in shiga ba.
Magariba ta yi, na shimfiɗa gyalena
a gindin darbejiya, na yi tawa.
Na roƙa wa yarinyar abin da kakata ke roƙa wa kowa:
Allah ba da lafiya, da abin da lafiya za ta ci.

Fitila ɗaya ta tsage. Laifina ne, wuta ba ta gasa ta ba.
Mai ya bi ƙasa, Hansai ta yi shiru irin na uwa.
Na kwance bakin zanena, mai gini ba ta rabo da yumɓu,
na liƙe, na busa, ta riƙe.
Ita aka kai waje ita kaɗai, fuskarta kudu,
aka dawo ba a waiwaya ba.
Wannan ta mutuwa ce, in ji Hansai,
a haska mata hanya ta wuce.

Ni dai ban ce fitila ba ce.
Akwai allurar asibiti, akwai kuma Mai sama.
Da hantsi aka aiko yaro: Minal na son ƙosai.

Sun tafi shekarar da kwangilarsa ta ƙare.
Gidan yanzu ana cajin waya a ciki.
Cokalin ta bar min, da shi nake ba jikoki magani,
jan goshin ya goge tuntuni.
Roba ta kashe mana kasuwa,
amma duk kaka hannuna kan zarce da kansa,
sai in ga ƙanana jere a rana, in ƙirga, sha uku.
Babu mai saye.
Yara ke kwashewa, su dafa tuwon ƙasa a ciki.