Mai Karanta Shinge

Mijina Nata'ala ba boka ba ne,
tasi yake ja a Jidda.
Amma tun da aka kewaye gefen lambun wasa da kwano
ya koma mai duba.
Ba ƙasa yake bugawa ba,
allon baladiyya yake karantawa.

Kullum bayan la'asar zai tsaya a bakin Kurnish,
fasinja su yi ta ɗaga hannu, ko a jikinsa.
Ya ɗauko tabarau mai ƙafa ɗaya
da littafin da na saya don lissafin cefane.
Lambar izini. Sunan ɗan kwangila.
Zurfin harsashi: mita sha ɗaya.
Wa'adi: wata goma sha takwas.

“Bara'atu,” in ji shi, tuwo na hucewa,
“wa ke haƙa mita sha ɗaya don ya kafa rumfar alawa?
Abin da zai yi sama, sai ya fara yin ƙasa.
Jirgi ne, irin mai kifa mutum,
ya kaɗa masa hanji, ya dire shi yana dariya.”
Na ce miya dai ta kusa daskarewa.

A teburin shayin Babikir
an rabu gida biyu.
Gwadabe ya ce wasan ruwa ne, ya ga bututu a tirela,
faɗin kowanne yaro ya shige a tsugune.
Nata'ala ya ce bututu ba shaida ba ne,
ko masallaci yana da bututu.
Suka ƙulla: wanda ya faɗi,
shayin wata guda a wuyansa.

Takarda ta biyu ta fito ran Talata,
ƙarin wuta, taransifoma biyu.
Ya shigo gida kamar an yi masa haihuwa.
Ta ukun ce bai karanta mini ba.
Ni na tsinto ta a littafin,
tsakanin kuɗin albasa da na gas,
da ƙanƙanen rubutu:
izinin rushe tsohon lilo.

Lilon nan mai juyi kamar tayar keke,
mai shuɗɗan kujeru,
mai kukan ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba.
Shekarar da muka zo, riyal biyar ne a aljihunsa.
Muka hau. Muna kaiwa ƙoli wuta ta ɗauke.
Teku a ƙasa baƙi ƙirin kamar tawada,
fitilun jiragen ruwa sun yi sahu.
Ya nuna mini guda ya ce, “Bayan waccan, gida ne.”
Ashe Masar yake nunawa.

Kwana tara aka yi ana kwance shi.
Ya ƙirga kujerun da aka loda a mota,
ashirin da uku.
Ya rantse ashirin da huɗu ne.
Har yau yana cigiyar ɗayar.

Ranar da aka yaye kwanon
ba jirgi, ba ruwa.
Gidan ajiye motoci ne,
hawa uku a ƙasa, biyu a sama,
da wata sanda a ƙofa mai ɗaga kanta.
Babikir ya ce duk sun faɗi, kowa ya biya nasa.

Na zaci zai mayar mini da littafina.
Jiya da dare sai ga shi, takalmi duk siminti:
“Wa ke gina wa mota dubu ɗaki
in ba mutum dubu huɗu yake jira ba?
Sun kafa sabon allo ta ƙofar arewa.
Tsawo mita sittin, Bara'atu. Sittin!”

Na miƙa masa ruwa, na ce wanke hannu.
Sai da ya kai loma ta biyu
na ce, “Zurfin fa?”